Batirin da Na'Allah Ya Ɓoye

Duk wanda ya san Na'Allah na Tsamaye a shekarun baya ya san mutum ne da ƙafarsa ba ta zama wuri ɗaya. Yau yana kasuwar Sabon Birni, gobe ya tsallaka Nijar da buhunan gero bayan babur, jibi a gan shi a Isa yana shan shayi yana ba da labarin da rabinsa ƙari ne. Matarsa Safiyatu takan ce babur ɗin ya fi ta sanin mijinta.

Ciwon suga ne ya zaunar da shi, kuma ba shi ya kama ba, Safiyatu ya kama. Likita ya ɗora ta kan allura kullum, ya ja musu kunne cewa maganin ba ya son zafi, in ya ɗumama ya tashi aiki. Tsamaye kuwa babu wuta. Na'Allah ya sayo ɗan firji da faifan sola da batiri, ya shigo da su cikin buhunan dusa, domin a yankin nan yanzu ba a nuna abin hannu. Wanda aka ga sola a gidansa sai a ce yana da shi, kuma magana ba ta daɗewa take isa kunnen 'yan bindigar daji, masu ɗauke mutum sai an fanshe shi.

Faifan ya kwantar da shi bayan rumbu. Batirin kuwa ya kai shi ɗakin kwano na ƙurya wanda ba shi da taga, ya lulluɓe shi da bargo, ya datse ƙofa. Duk lokacin sanyi abin ya yi aiki lafiya lau, har gogan naka ya fara yaba wa kansa dabara.

Sai bazara ta shigo. Rana na take tsaka batirin zai ɗauke, firji ya yi tsit. Na'Allah ya buga wa Is'haƙa, mai haɗa sola a Sabon Birni. Is'haƙa ya ce irin wannan batirin in zafi ya yi masa yawa kashe kansa yake yi don kada ya ƙone, kuma in aka ci gaba da gasa shi kwanansa raguwa zai yi, don haka a nema masa inuwa mai iska. Na'Allah ya yi godiya, bai ko ambaci bargon ba.

Ya yaye bargon, bai isa ba. Ya yayyafa ruwa a ƙasa, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a ƙofa, ya zauna da mafici yana fifita akwatin ƙarfe tun daga hantsi har la'asar. Mutumin da gari uku ba sa isarsa a mako, ga shi ya zama mai jinyar batiri. Abokan fatauci suka yi ta kira har suka gaji. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, don hanyar asibiti ba kullum take biyuwa ba, maganin da ke firjin shi ke nan abin da suke da shi.

Wata azahar batirin ya ɗauke duk da fifitar. Safiyatu ta buɗe firji, ta taɓa kwalbar, ta ji sanyinta ya fara gudu. Ta tsaya bakin ƙofa tana duban mijinta, rigarsa sharkaf da gumi.

"Malam, hito da shi waje," ta ce.

"In hito da shi a gani?"

"In an gani, wataƙila su zaka. In ka bar shi cikin ɗakin ga, ni kam babu wataƙila."

Na'Allah ya miƙe. Ya rungumi batirin, ya kai shi gindin bishiyar dogon yaro kusa da katanga, ya ja waya. Da iska ta ɗan huce shi, koriyar fitilarsa ta kama, firji ya fara gurnani.

A lokacin maƙwabcinsa Lawwali yana bisa rumbunsa yana gyaran jinka. Ya leƙo ya ce sannu da aiki, amma ba Na'Allah yake kallo ba. Bargon na nan rataye a igiya, miƙa hannu kawai Na'Allah zai yi ya rufe batirin. Na'Allah ya amsa gaisuwar, ya bar shi a rataye.

Yanzu maganin Safiyatu yana da sanyi. Babur na jingine a zaure, tayarsa ta sace. Na'Allah yana yini a gindin dogon yaro, kuma duk ƙarar babur da ta doso Tsamaye sai ya miƙe tsaye, ya saurara har ta wuce.