Layin da Na Goge a Kwamfutar Modu

Jama'a, wallahi abin nan ni ya faru da ni, shekarun baya, lokacin ina aiki a wani ƙaramin ofis a Azare, muna gina wa manoman riɗi na Gololo da Shira shafin rajista a intanet.

Mu biyu ne masu rubuta manhaja, ni da Modu, wanda iyayensa suka taso daga Yobe. Hajiya mai ofishin ta ce duk wanda ya fara tayar da kwantena, wato ɗan akwatin cikin kwamfuta da ke ɗauke da shafin da rumbun bayanansa gaba ɗaya, shi zai ja ragamar aikin. Na girmi Modu, na riga shi zuwa, amma nasa ya kusa kammala cikin kwana biyu, nawa kuwa jan rubutu mai nuna kuskure kawai yake zubo mini. Ba zan ɓoye muku ba, ƙyashi ya ci ni, ko dariyarsa na ji sai raina ya ɓaci.

Ranar Laraba aka kira azahar, kowa ya fita, na ce ina tafe. Ga kwamfutarsa a buɗe kan tebur, na goge layin da ke haɗa shafin da rumbun, sannan na bi su masallaci.

Bayan la'asar nasa ya tashi lafiya lau a gaban Hajiya, ta ba shi aikin. Nawa ma ya tashi, karo na farko, amma a rumbun da ban saka komai ba sai ga sunan manomi guda: Na-Goggo, daga garin Sakwa. Kakata ce kaɗai take kirana haka, ita kuwa ta rasu tun ina firamare.

To shi kwantena, in ka rushe shi ka sake ginawa, mantawa yake da komai, amfaninsa ke nan. Na rushe sau bakwai, na wanke kwamfutata kaf, sunan yana nan daram.

Da na kasa daurewa na sami Modu. "Ka yafe mini, na taɓa maka kwamfuta ranar Laraba."

Ya dube ni. "Wace kwamfuta, Yaya? Ai ba na barin ta. A jaka na tafi da ita masallaci, gefenta ma ka yi sallah."

Har yau ban san abin da na taɓa a teburin nan ba. Ku dai, in an kira sallah ƙyashi ya ce ku tsaya a baya, ku tashi ku bi mutane.