Wuyan Rigar Lallen Gwaggo

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifinmu, amma har yau in na ga tsibin ɓuntun shinkafa a hanyar Zauro, sai in ji kamar in ce direba ya tsaya in cika zane.

Lalle ɗaya gare ta a tsakar gidanmu na Argungu. Ruwa na ɗaukewa sai ta yi masa aski iya gwiwa, ta lulluɓe ƙasar gindinsa da ɓuntu don ta riƙe laima. Amma ba ta yarda ɓuntun ya taɓa jikin iccen. Sai ta zagaya da yatsa, ta bar ɗan fili, ta barbaɗa toka. "Wanga wuyan riga na," in ji ta. "Kak ki shaƙe shi." Ban taɓa tambayar dalili ba, ni dai a lokacin burina ƙafata ta yi ja da lalle.

Nakan yi tunanin me za ta ce da ta ga yau, 'yan mata na sayen lalle a 'yar roba, ya kama nan take. Na san ta sarai. Za ta shinshina, ta taɓe baki, sannan ta faki ido ta gwada a ɗan yatsa, don Gwaggo akwai son ganin ƙwaƙwaf.

Bana Yaya Sani, babban wanmu, ya ce zai malale tsakar gida da siminti. Lallen ya tsufa, duk ya yi ƙirare. "In bai tofo ba kahin magini ya zo, tuge shi za a yi," ya ce. Wallahi raina ya ɓaci, don shi kaɗai ya rage na abin da hannunta ya dasa. Na taso daga gidana da ke Badariya da buhun ɓuntu, na yi yadda na ga tana yi, har da tokar.

Da na sake komawa gidan bayan 'yan makonni, sai na ɗan yaye ɓuntun don in gani. Gara ce maƙil a ƙarƙashi tana ta ci, amma ta tsaya cak a bakin toka. Ashe dalilin ke nan! Ga kuma 'yan tofo jajaye sun leƙo a jikin kututturen.

Ranar da magini ya zo ina nan. Siminti ya doso lallen, sai Yaya ya durƙusa, ya zagaya da yatsa a ƙasa.

"Nan ka tsaya," ya ce wa magini. "Ka bar mai wuyan riga."

Ya miƙe bai yarda mun haɗa ido ba. Allah ya jiƙan Gwaggo.