Mutumin da Ya Jira Mu a Gidan Bautar Buda

Assalamu alaikum Edita. Ni mace ce da Allah bai ba haihuwa ba, karatuna ma na ajin yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da rubutuna. A lokacin ina zaune lafiya a Kano da maigidana da yarinyar da nake riƙo tun tana tsumman goyo. 'Yar ƙanwata ce, wadda ta rasu wajen haihuwarta. Uban ko suna bai tsaya ba ya bar gari. Ni ta sani uwa, kuma maigida ya yi mini alkawari ni zan gaya mata gaskiya da bakina idan ta mallaki hankalinta.

Tana sakandare ya ce mu raka shi Guangzhou saro kaya, mu ma mu ga duniya. Muka sauka a unguwar Dengfeng, ina ta murna. Wata safiya ya ce zai kai mu wani tsohon gidan bautar Buda. Na ce me ya haɗa Musulmi da wurin, ya ce kallo ne kawai, ba sujada za mu yi ba. Muka shiga, hayaƙin turare ko'ina, ga doguwar hasumiya, ga masu bautar da kai kwal cikin riguna ruwan ɗorawa. Har da Turawa rungume da jariran ƙasar da suka ɗauka riƙo, sun kawo a sa musu albarka. Yarinyata ta matse hannuna tana tausaya wa jariran, wai wa zai nuna musu iyayensu.

A gindin wata bishiya na hango mutum zaune da hula irin tamu. Kafin ya miƙe na gane shi. Maigida ya zare hannunta daga nawa, ya ce ta gaida mahaifinta. Ta juyo tana kallona, tana jira in ce wasa ne.

Ashe sun daɗe suna hulɗa a kasuwar Tianxiu ta can, shi ke turo wa maigida kaya. Da na tambayi maigida me ya sa sai a can, ya ce ai nan ne kaɗai babu Bakanon da zai leƙo, balle magana ta riga mu isa gida. Wato duk ya yi lissafin idon mutane, ni ce kawai ban shiga lissafin ba.

A jirgi ta ƙi zama kusa da ni. Yanzu har ƙasa take durƙusawa ta gaishe ni, kamar yadda ake yi wa baƙuwa. Da ma zagina ta yi.

'Yan uwana masu riƙo, na koyi cewa jiran lokacin da ya dace shi ya cuce ni. Ki zaunar da yaronki a ɗakinki ki gaya masa tun yana iya kuka a cinyarki. Tawa a tsakiyar baƙi ta yi nata kukan, kuma da na miƙa hannu ta ja baya.