Mun Kai Inna Yauri Neman Maganin Daji

Ana idar da sallar asuba muka bar Matameye, ni da ƙanena a ƙasa, Inna a kan jaki. Ciwon daji ne ya kama ta a nono tun bara. Wanzami yana wankewa yana ɗaurewa, Malam yana ba ta rubutu, amma ta daina cin abinci, ta rame har awarwaro yana zame mata. Shi ya sa da muka ji labarin wata tsohuwa mai sassaƙe a Yauri, wani gari nan kusa da mu, muka ɗaura niyya.

Hanyar yashi ce, gero ya fid da kai hagu da dama. Duk wanda muka tarar sai ya yi mana sannu, kuma kowa da maganinsa a baki. Wani bafatake mai ɗauke da kanwa ya rantse da habbatus sauda cikin zuma. A bakin wata rijiya kuma Buzuwa ta tatso nonon raƙumi ta miƙo, ta ƙi karɓar ko wuri. Inna ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan, amma raƙumarki gishiri ta fiye lasa." Har Buzuwar ta yi dariya.

Zuma a kasuwar Yauri tsada, furarsu kuwa ta sha yaji, sai dai arha.

Tsohuwar ta daɗe tana duba ciwon a ɗaki. Da ta fito ta jawo ni gefe, ta ce, "Ɗana, ba zan ruɗe ka ba, wannan ya fi ƙarfin sassaƙena. Nawa zai rage zafi, ya buɗe mata ciki. Kada ku bar wanzaminku."

Sai muryar Inna daga ciki: "Ina jin ku fa. Na riga ku sani. A dama mini kunu, yunwa nake ji."

Aka dama kunun tsamiya, aka barbaɗa garin sassaƙen. Ta sha rabin ƙwarya muna kallo, ƙanena yana share hawaye da hannun riga.

Mun komo a hankali, muka shiga gida da la'asar sakaliya. Na fita ne neman abin da zai kashe ciwon, ban samo ba. Amma na koyi cewa abin da zai sa majinyaci ya ci, ya rintsa, ba abin rainawa ba ne. Yau da safe Inna ta fito tsakar gida da ƙafarta, ta yi mini faɗa don na bar akuya ta shiga rumbu. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na yau ba.