Ruwan da Na Ce Ya Ɗauke

Funtuwa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar gida, mu shida, 'yan ƙungiyar manoman masara ta unguwarmu. An gayyace mu wata gonar gwaji a bayan Malumfashi, za a nuna sabon iri a raba wa waɗanda suka je. Ni ne sakatare, don ni kaɗai na gama sakandare.

Ana gobe tafiyar saƙo ya shigo wayata: "Field day rained off." Shugabanmu, Alhaji Mamman, ya ce in fassara. Na ce, "Off ai kashewa ne, Alhaji, kamar na fitila. Ruwa ya ɗauke a can, mu taho." Kowa ya gamsu.

Bakori

Shida da kwata ruwa ya tare mu a cikin motar haya. Gilashin gefen Alhaji ba ya rufuwa. A shingen 'yan sanda ba wanda ya fito daga rumfa, hannu kawai aka ɗaga mana. Direba ya tambaye mu ina za mu. Da ya ji, ya ce, "Yau?" Alhaji ya ce, "Can ya ɗauke." Direba ya kalli sama, ya ci gaba da tuƙi.

Malumfashi

Bakwai da rabi muka sauka, muka sha koko da ƙosai a tsaye, muka hau babura uku. Hanyar gona ta zama kogi. Kilomita ɗaya na ƙarshe da ƙafa muka taka, takalma a hannu.

Mun tarar da kujeru a kife da malaman gona biyu a ofis. Hajiya Binta, wadda ta turo saƙon, ta ce wa Alhaji, "Baba, ba ku ga an fasa ba?"

Kai biyar suka juyo gare ni.

Abokin aikinta ya ce laifinta ne, Turancin Ingila ta rubuta. A Amurka, inda ya yi karatu, "rained out" ake cewa. Suka tambaye ni ko da haka aka rubuta da na gane. Na faɗi gaskiya: da na ce ruwa ya fita. Suka yi ta gardama har da "washed out". Alhaji yana matse hularsa, ya ce, "'Yata, duk ƙasashen nan ba inda ake cewa kar ku zo?"

Hajiya ta ɗauko mabuɗin sito. Kowannenmu ya samu irinsa, tun kafin sauran ƙungiyoyi.

Gida

La'asar muka iso. A ƙofar gidansa Alhaji ya ce, "Malam Sani, gobe ka zo ka karanta min takardar maganin feshi. Ka taho da wani."

Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, da Hajiya Binta da ba ta yi dariya a gabanmu ba.