Lado da Kwalbar Awon Ruwa

A zamanin En'e an yi wani mutum a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa, sunansa Lado. Noma bai karɓe shi ba, fatauci kuwa ya gwada sau ɗaya ya dawo ko jakin babu. Sai Allah ya tarfa wa garinsa nono. Hukuma ta kafa ma'aunin ruwan sama a bayan gidan dagaci, wata kwalba ce da mazurari a bakinta, aka ce ana neman mai tsaro. Dagaci ya duba garin kaf, ya ga babu wanda ya kai Lado iya zama wuri ɗaya, ya ba shi.

Aikin ba wuya. Ya kori awaki, ya bar abin da sama ta zubo har ranar kasuwa, sa'ad da malamin gona, Malam Haladu, zai zo a keke daga birni ya auna. Amma zo ka ga Lado! Ya naɗa rawani, ya daina amsa sallama da sauri. In hadari ya haɗo sai ya ɗaga kai ya gyaɗa, kamar da shi aka yi shawara. Mutumin da ko tabarma ba a miƙa masa a wurin suna, yau Sarkin Ruwa ake ce masa, kuma wannan girma shi ne duk abin da ya mallaka a duniya.

Wata shekara damina ta yi gardama. An yi shuka, ruwa ya ɗauke, gero ya murɗe a gona. Kwalba ta bushe har gizo-gizo ya yi saƙa a mazurari. Hankalin Lado ya tashi, ba don gero ba. A garinsu ko kwanon maƙwabci ba a mayarwa wayam, kuma in babba ya ce maka yaya ruwa, "ya yi gyara" za ka ce, ko ƙasa na tsagewa. To ina shi ina miƙa wa baƙon hukuma kwalba ba ko ɗigo? Ai rashin ladabi ne. Ranar kasuwa da sassafe ya ɗauki butarsa ya tsiyaya ruwa a kwalbar, ya yi wa sama ciko.

"Ikon Allah," in ji Malam Haladu, yana ɗaga kwalbar. "Ko'ina fari, ku nan kuna ta samu?"

"Albarkar manya ce, ranka ya daɗe," in ji Lado.

Malam ya hau kekensa ya ratsa ƙonannun gonaki ya wuce. Kwalba aka aiko shi dubawa, ba gona ba.

Daga nan kowace kasuwa buta sai ƙara kyauta take yi. Dagaci ya sani, ya kuma ji daɗi, don sunan garinsa na fita a birni.

Da kaka ta zo ba abin da aka girbe sai kara. Hukuma ta buɗe rumbun tsimi, ta ce za a raba hatsi gwargwadon inda fari ya fi ci. Mutanen garin suka fito bakin hanya da ƙwarya da buhu. Jakuna suka taho da kaya, suka wuce Gwiwa, wasu suka miƙe Babura, ko ɗaya bai tsaya ba. Dagaci ya aika a ji dalili. Aka ce a gaishe su, a duk ƙasar ba wanda ya kai su ruwa bana, ana ma jiran gudummawarsu.

Nan gari ya gane aikin butar Lado ne. Ba wanda ya doke shi, ko zagi babu. Sun daina ganinsa kawai, a masallaci ma sahu yakan ƙare kafin a zo kansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya shiga gida ya tarar da mahaifiyarsa Inno, tsohuwa tukuf, tana dafa ganyen tafasa ba ko ƙuli.

"Inno, ni fa mutuncin gari na kare."

Ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Allah ya saka, ɗan nan. Je ka ɗebo mana mutuncin, in zuba a tukunya."