Kwanar da Ta Ci Gambar Kakana

Kwanan nan masu furfura a majalisarmu suka tsiro da yabon gasar baburan yara da aka taɓa yi a ƙauyukan nan na tsakanin Tofa da Dawakin Tofa. Har wani ya ce in rubuta tarihinta, tunda ni ne tsohon malamin makaranta. To ga shi, amma kada su sa ran zuma.

A shekarun wahalar mai aka fara ta, lokacin da fetur ya bar gidan mai ya koma kwalba, takin zamani kuwa sai dai a ji shi a rediyo. Manyan 'yan tsere suna birni. Namu ƙaramin rukuni ne, samarin da gemu bai san da zamansu ba, masu aron baburan yayyensu 'yan acaɓa ranar Juma'a da la'asar. Na taɓa karantawa cewa a Turai da gangan ake cire wa babur ɗin tsere birki. Namu talauci ne ya cire. In yaro ya zo kwana sai ya kafa ƙafar hagu, tayar baya ta shiga huɗa kamar garmar shanu.

Uban gasar maƙwabcin gonata ne, wani Alhaji mai sayar da fetur a kwalba. Ƙasarmu a matse take, ba fili sai gona. Iyakata da shi jerin ciyawar gamba ne da kakana ya dasa, kuma kowa ya san inda tushen gamba yake, nan iyaka take. Akwai wata al'adar kuma: in an kwashe amfani, ba a hana ko akuya ratsa gona, balle ɗan maƙwabci.

A gaban jama'a Alhajin ya tare ni.

"Malam, ara wa ɗalibanka gonar nan mana. Rani ne, me ke cikinta in ba kututturen dawa ba?"

"Alhaji, taka ba ta ishe su ba?"

"Haba mai ilimi! Zagaye ake yi. Kai da ka koya musu lissafi, ka taɓa ganin rabin da'ira ta dawo gida?"

Aka yi dariya. Kunya ta amsa a madadina.

Da hannunsa ya zana hanyar tseren da toka, ya ɗora kwana mafi tsanani daidai kan gambar. Na je in yi magana, sai ga wani yaro da na sha zanewa saboda jadawalin bakwai ya nufo ni a guje.

"Malam, matsa! Ba birki!"

Na baya ya ƙara da cewa, "Yau ba bulala, Malam!"

Na matsa. Ranin nan da na bayansa, kowace Juma'a taya tana cin gambar kakana, ana tafi, ana guɗa, Alhaji yana zuba wa zakara kwalbar mai kyauta.

Da ruwan shuka ya sauka bayan rani na biyu, na tarar 'yan ƙodagonsa sun ja kunyoyi har cikin gonata, wajen da nake samun gero mafi kyau. Muka je gaban mai unguwa. Ya ce iyaka gamba ce, ina gambar? Na ce a kira yaran, su suka tuge ta. Aka kira zakaransu, ya durƙusa da ladabin da bai taɓa yi mini a aji ba.

"Ranka ya daɗe, mai gudu ba ya kallon ƙasa."

Aka raba wurin biyu, wai sulhu. A ranin da ya biyo baya Alhaji ya gano cewa tsere yana lalata tarbiyyar yara, ya hana mai, gasa ta mutu. Masu tarihi su rubuta: ta rasu bayan ta gama aikinta.

Amma saiwa ba ta halarci sulhun ba. Da daminar da aka yi sulhun ta yi nisa, sai ga gamba ta tofo a jere tsakiyar geron Alhaji, daidai inda na ce. Na ja mai unguwa har wurin. Ya duba, ya duba, ya gyara hula.

"Malam, an riga an shafa fatiha. Ciyawa kuma ba ta rantsuwa."

Washegari aka nome ta. Har yau takan leƙo kowace damina, 'ya'yan Alhaji su bi ta da fartanya, ni kuma in tsaya a ragowar gonata in ce musu sannu da aiki.